A daina farautar kaza a tsakar gida: kira ga masu kiwo a Tambuwal da Kebbe

Da zarar baƙo mai daraja ya yi sallama a wani gida a Jabo ko Kuchi, akwai umarnin da yara suka san yana tafe. Uwar gida za ta leƙo daga madafa ta ce, "Ku kamo man jan zakaran can, mun yi baƙo." Daga nan gida ya kaure. Wannan ya tare ta bakin rumbu, wancan ya ɗauki kara, ƙaramin cikinsu ya shiga jifa da takalmi. Zakara ya haye danga, ya faɗa gidan maƙwabta, ya kewayo ta bayan gida. Sauran kaji su watse suna kyarkyara, mai 'yan tsaki ta tattake 'ya'yanta garin gudu, mai kwanci ta tashi daga kan ƙwai. A ƙarshe wani ya yi tsalle ya danne shi, ya ɗago shi da ƙafa ɗaya, kai a ƙasa, baki buɗe yana haki.

Ranar kasuwar Tambuwal kuma, wanda ya tsaya bakin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, ko wadda ke fitowa daga Kebbe, zai ga ci gaban labarin. Babura na wucewa da kaji goma ko ashirin, an ɗaure ƙafafunsu da igiyar leda ko tsinken roba, an rataye su a hannun babur da gefen kariya, kawuna na lilo kusa da salansa mai zafi, ƙura na cika musu ido. A kasuwa a zube su ƙasa cikin rana ba ruwa. Mai saye ya zo ya ɗaga wannan da fiffike ɗaya ya jinjina, ya yar, ya ɗauki waccan.

Ido ya saba da wannan har ya daina ganin aibinsa. Amma aibi ne, kuma mai tsada. Kama kaza da gudu da ɗaukarta kai a ƙasa na rage ƙwai, yana ɓata nama, yana karya farashi, yana kashe wasu a hanya. Abin da ya fi duka muni, yana mayar da kajin gida masu gudun mutum, kazar da ke gudun mutum kuwa ba ta tsayawa a ɗiga mata rigakafi, ita ce annoba ke fara ɗauka idan hunturu ya kama. Gyaran wannan ɗabi'a ba ya bukatar bashin banki ko tallafin gwamnati, sanin yadda ake kai hannu ga kaza kaɗai yake bukata.

Kafin wani ya ce "kaza ce fa", ya dubi matsayinta a wannan yanki. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 sun nuna Najeriya na da kaji kimanin miliyan 180, kuma wajen miliyan 80 daga cikinsu na sake ne, masu neman abincinsu a tsakar gida da bakin juji. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe mutum kusan 350,000 a haɗe, yau kuwa sun zarce haka nesa, kuma da wuya a shiga gida a Dogon Daji, Sanyinna, Sangi ko Girkau ba a tarar da kaji suna tono ba. Shanu da gona galibi na maza ne, kaza kuwa ta mace ce da yaro. Ita ake sayarwa a yi zubin adashi, a sayi sabulu, a kai yaro kemis cikin dare, a yi gudunmawar biki ko suna. A ƙauyukan Kebbe da 'yan bindiga suka raba mutane da garkunansu, kaji na cikin ɗan abin da ya saura a hannun mata, kuma da su ake sake kafa kiwo, daga kaza zuwa akuya, daga akuya zuwa ɗan maraƙi.

Kazar gida ba mai yawan ƙwai ba ce. A shekara takan yi tsakanin 40 zuwa 60, a zubi uku ko huɗu, ta yi kwanci kwana 21, sannan ta shafe makonni tana yawo da 'yan tsaki. Cikinsu shaho da shirwa su ɗauki rabonsu, muzuru da tunku su ɗauki nasu, sanyi da cuta su rage saura. Wanda ya tsira yana bukatar wajen wata shida kafin ya kai sayarwa ko fara ƙwai. Duk sagarar da aka gani tana yawo a tsakar gida ta tsallake haɗurra da yawa kafin ta kai haka, saboda haka babban ganganci ne a ce hannun mai ita ne zai nakasa ta.

Abu na farko da ya kamata mai kiwo ya sani shi ne, jikin kaza da zafi yake tun asali. Zafin jikin mutum lafiyayye digiri 37 ne, na kaza kuwa wajen 41, idan ya kusa 47 ta mutu. Ba ta yin gumi. Dabararta ta sanyaya jiki ita ce ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta nemi inuwa ta tona ƙasa mai sanyi ta kwanta. Yanayin da ta fi sakewa a cikinsa tsakanin digiri 18 ne zuwa 24, alhali a kudancin Jihar Sakkwato ma'aunin zafi kan haura 40 da rana daga Maris zuwa Mayu. Kazar da ke kwance ƙarƙashin rumbu a tsakiyar bazara da ma tana dab da iyakar abin da jikinta zai ɗauka. Zuciyarta ko tana hutawa tana bugawa fiye da sau 250 a minti. Idan yara suka tashe ta suka yi ta kora, zafin gudu ya hau kan zafin rana. Shi ya sa akan ga an kama kaza ta yi laushi a hannu, wani lokaci ma ta mace kafin a kawo wuƙa, ta zama mushe, a rasa naman a rasa kuɗin.

Na biyu shi ne numfashinta. Mutum da akuya suna da tantanin tsoka da ya raba ƙirji da ciki, kaza ba ta da shi. Tana shaƙar iska ne da motsin ƙashin ƙirjinta, wanda ke hura wasu jakunkunan iska da ke kewaye da huhu. Wanda ya matse ƙirjin kaza ya toshe mata numfashi ko da bai taɓa wuyanta ba, kuma wannan ne ke kashe 'yan tsaki da yawa a hannun yara masu wasa da su. Idan aka juya ta kai a ƙasa, nauyin hanji da ƙundu da hanta ya sauko ya danne zuciya da huhu, abincin da ke cikin jakar wuyanta kuma yana iya dawowa ya shaƙe ta. Haka take tafiya a rataye tun daga ƙauye har Tambuwal, a kan hanya mai gargada.

Masu rataye kaji na da hujjarsu. Sukan ce ai da an juya ta sai ta yi tsit, alamar ta samu natsuwa ke nan. Masana halayyar dabbobi sun daɗe da gano akasin haka. Wannan sandarewa ita ce dabara ta ƙarshe da tsuntsu ke yi idan ya shiga bakin maƙiyi, ya yi kamar ya mutu ko a sassauta riƙo ya kuɓuce. A ɗakunan bincike ma tsawon lokacin da kaza ta ɗauka a sandare shi ake aunawa a gane yawan tsoronta. Shirun kazar da ke rataye shirun firgici ne.

Sai ƙafa da fiffike. Kazar da aka ɗaga da ƙafa ɗaya tana fizge-fizge, dukkan nauyinta na kan gaɓa guda, kuma ƙashin cinya kan goce daga gurbinsa jini ya taru a ciki. Binciken da aka yi a Ingila a farkon shekarun 1990 kan kajin da ke isa mayanka a mace ya nuna tsayawar zuciya da rauni su ne manyan dalilai, kuma gocewar ƙashin cinya ce kan gaba cikin raunukan. Mai fige kaji a kasuwa ya san wannan ba tare da ya karanta ba, domin shi ke ganin tsokar da ta yi baƙi-baƙi ko kore-kore, da fiffiken da ya karye, da zoben da igiya ta yanka a ƙafa. Mai gasawa ma ya san mai saye ba ya son cinyar da jini ya kwanta a ciki. Kazar da ta iso kasuwa tana ɗingishi, gashi a hargitse, ido a lumshe, dillali zai ce ba ta da lafiya ya karya kuɗinta, matar da ta yi wata shida tana ba ta dusa ita ce za ta ɗauki asarar.

Ko wadda ba a kama ba ta biya nata kason. Ƙwai ɗaya na ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, wajen awa 20 daga ciki yana wurin da ɓawo ke haɗuwa. Firgici a wannan lokaci na sa kaza ta riƙe ƙwai fiye da ƙa'ida, ko ya fito da ɓawo mai laushi ko mai tabo, ko ya tsage tun a ciki. Tsoro mai maimaituwa kuma yana sa jikinta fitar da sinadarin da ke rage cin abinci da ƙarfin garkuwar jiki. Guje-guje ɗaya saboda zakara ɗaya na shafar duk kajin gidan.

Hanyar da ta fi sauƙi kuwa kowa ya san tushenta. Kaza ba ta gani sosai cikin duhu, da magariba ta yi sai ta hau makwancinta ta lafa. Wanda ke son kama ta ya jira dare, ya ɗauki tocila ya rufe bakinta da ƙyalle don haske ya dusashe, ya matsa a hankali ba magana, ya ɗora tafukansa biyu a kan fukafukanta ya ɗago ta a tsaye ya jingina da jikinsa. Sai ya kife ta da kwando a wuri mai iska, ya ajiye mata ruwa a kasko. Aikin da ke cin rabin awa da rana bai kai minti ɗaya ba da dare. Wasu na ƙyamar haka, suna cewa kama kaza da dare aikin ɓarawo ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari sai an sallame sallar asuba, kafin a buɗe akurki, duhun ya isa kuma gari da sauran sanyi. Baƙon da aka san da zuwansa, da kazar da za a kai kasuwa, da ta Salla ko ta suna, duk ana iya kama su tun daren jiya.

Wannan ya kawo maganar akurki. Kajin da ke kwana a kan bishiya ko katanga ba sa kamuwa cikin sauƙi ko da dare, ga muzuru da ɓarawo. Akurkin laka ko na kara da aka gada ya wadatar, in dai an yi masa kafofin iska da ƙofar da hannu da tsintsiya za su shiga, an kuma gitta sanda a ciki don su hau. Yawancin akurkan da ake ginawa ƙofarsu ƙarama ce ƙwarai, dole a zura hannu a jawo kaza da ƙafa, shara kuma ba ta yiwuwa, sai ƙuma da ƙwarƙwata su samu wurin zama.

Idan baƙon ba-zata ne ya sa dole a kama da rana, tsaba ta fi kara aiki. Matar da ta saba watsa wa kajinta ɗan gero ko dusa a wuri ɗaya kowace yamma, da irin kiran da suka saba ji, ba ta bukatar yara su yi mata gudu. Ta watsa a cikin ɗaki ko lungun danga, su biyo ta, ta tura ƙofa. Ta durƙusa, domin duk abin da ya taho wa kaza daga sama shaho take ɗaukarsa. Ta kai hannu daga gefe a hankali, ko ta jefa mata zane mara nauyi, ko ta kife ta da kwando. Mutum ɗaya ko biyu sun isa. Idan an kuskure sau biyu, a bari ta huce, a koma daga baya.

Riƙon ma da ƙa'idarsa. A shimfiɗa tafin hannu ƙarƙashin ƙirjinta, yatsa ɗaya tsakanin ƙafafu, sauran su riƙe cinyoyi ba matsi, kanta na fuskantar gwiwar hannu, ɗaya hannun a kan bayanta yana tare fukafukai. A haka za a iya duba idonta da bakinta, a buɗe fiffike a nemi ƙwarƙwata, a taɓa tsokar ƙirji a ji ƙibarta. Idan an gama a sauke ta a kan ƙafafunta, kada a wurga ta. Tsako ana ɗibarsa ne da tafuka biyu. Mai kwanci, musamman wadda aka sa wa ƙwan zabi da ke ɗaukar kwana 26 zuwa 28, idan za a sauya mata wuri a yi da dare tare da ƙwanta, in ba haka ba tana iya ƙin komawa. Zabo kuwa ya fi kaza tsoro, gashinsa na zubewa a hannu, ƙafarsa na saurin karyewa, don haka duhu ko zane ne maganinsa. Kajin Noiler da suka bazu a gidajen Arewa a shekarun nan sun fi na gida nauyi sosai, rataye su da ƙafa ya fi yi musu illa, kuma ba su kai na gida jure zafi ba.

Duk wannan yana da babban dalilin da ya wuce tausayi. Babu abin da ke share kajin karkara kamar cutar nan da a wurare da dama ake kira fakat ko farin kashi, wadda likitocin dabbobi ke kira cutar Niyukasil. An fara gane ta a 1926 a tsibirin Jaba na Indunusiya da garin Niyukasil na Ingila, an tabbatar da ita a Najeriya a 1952 a yankin Ibadan. Kaza ta taƙure, fukafukai su zube, numfashi ya yi wuya, zawo ya kama ta, wata wuyanta ya murɗe. Ta fi tsanani da hunturu, kuma idan mai ƙarfi ce takan kwashe kusan duk kajin da ba a yi wa rigakafi ba a gida, ta tsallaka gidan gaba. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, saboda haka ja-da-rawayan kafso da ake jiƙawa, da barkono, da ɓawon maɗaci, babu wanda ke warkar da ita.

Rigakafinta kuwa akwai. A shekarun 1990 masana a Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya suka samar da nau'in da ake kira I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, musamman don kajin ƙauye inda firiji ke wuya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda ke aiki a can tun 1924, tana haɗa shi. Ɗigo ɗaya ake yi a ido, tsako da dakwalwa duk ɗaya, a maimaita bayan kamar wata huɗu, kuma kariyar kan kama jiki cikin mako biyu. A Mozambik da Tanzaniya an horar da mutanen ƙauye, mata da yawa a cikinsu, suna bi gida-gida sau uku a shekara suna ɗigawa ana biyansu ɗan abin da ya sauƙaƙa. Burkina Faso ta fara amfani da masu allurar kaji na sa-kai a ƙauyuka tun ƙarshen shekarun 1970.

Ɗigon ido yana nufin sai an riƙe kowace kaza a hannu, ɗaya bayan ɗaya. A nan ne guje-gujen tsakar gida ke nuna illarsa ta gaske. Mai rigakafi ya iso da hantsi, kaji sun riga sun fita sun bazu, an kama uku an rasa bakwai, maganin da aka haɗa kuma ba ya daɗewa kafin ƙarfinsa ya tafi. Ko waɗanda aka kama bayan gudu sun galabaita, jikin da ya galabaita kuwa ba ya karɓar rigakafi yadda ya kamata. Gidan da aka bar kaji a akurki aka jira shi da sassafe, cikin 'yan mintoci an gama da kowa. Bambancin gidajen nan biyu kan fito fili a watan Janairu, lokacin da ɗaya ke kwashe gawarwaki ɗayan kuma ke shirin kai zakaru kasuwa.

'Yan kaji ma suna da uzurinsu, kuma ya cancanci a saurara. Babur ɗaya na ɗaukar kaji masu yawa idan an rataye su, kwando na cin wuri, mai kuma ya yi tsada. Amma lissafin bai cika ba sai an sa wadda ta mutu a hanya, da wadda ta karye, da nauyin da duka suka rasa saboda ƙishirwa. Kaza ɗaya da ta mace na iya cinye ribar tafiyar gaba ɗaya, kwandon kaba ko kejin itace kuwa sau ɗaya ake saye ya yi shekaru. A shimfiɗa ciyawa a ƙasansa, kada a cusa su har wata ta hau kan wata, a rufe samansa da buhu don inuwa a bar gefe a buɗe, a kama hanya da sanyin safiya. Inda ɗauri ya zama dole, a yi shi da tsumma mai faɗi, a sassauta, a kwantar da ita a inuwa da ruwa a gabanta. Mai saye kuma yana iya jin nauyi da tsoka ta hanyar ɗora ta a tafin hannu, ba sai ya finciki fiffike ba.

Kasuwa tana da wani haɗarin. A nan kajin ƙauyuka daban-daban ke cuɗanya, kuma al'ada ce idan cuta ta shigo gida a yi maza a sayar da waɗanda suka rage. Kazar da aka sayo, ko wadda ta yi kwantai aka dawo da ita, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin saura. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa kaji, kada a bar yara su ɗauki mai ciwo ko matacciya. Najeriya ta ga dalilin haka a Fabrairun 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a nahiyar Afirka a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, ta bazu jihohi da dama, har ta yi sanadin mutuwar wata mata a Legas a farkon 2007.

Akwai masu cewa sabo da kaza ba ya hana yanka, tunda wuƙa ce ƙarshenta me ya sa za a damu? Ƙasar Shehu ba ta bukatar a aro mata amsa daga waje. Hadisi na 17 cikin Arba'una ta Imam Nawawi, wanda ɗalibai ke haddacewa a makarantun Islamiyya, yana koyar da cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har da yanka, a wasa wuƙa kuma a hutar da abin yankan. Buhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya tarar da wani yaro ya ɗaure kaza yana jifanta, ya je da kansa ya kwance ta, ya kai yaron gaban manyansa ya nemi a tsawata masa. Abu Dawuda ya kawo labarin tsuntsuwar da aka ɗauke wa 'ya'ya tana ta shawagi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a mayar mata da su. Malaman Malikiyya kuma sun karhanta a fara fiɗa ko yanke wani sashe kafin rai ya gama fita. Halaccin yanka bai taɓa zama izinin azabtarwa kafin yanka ba.

Sauran duniya ma ta kama wannan hanya. Dokar Tarayyar Turai ta 2005 kan safarar dabbobi ta hana ɗaga dabba ko jan ta da kai, ko ƙafa, ko wutsiya. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda Najeriya ke cikinta, ta shimfiɗa cewa kada a ɗauki kaji da wuya ko fiffike, kuma a kama su cikin haske mai rauni don su natsu. Manyan gonakin da ke lissafin kowane kwabo sun rungumi wannan ne domin sun ga yana rage musu asara.

Aikin yanzu na masu faɗa a ji ne. Ma'aikatar kula da lafiyar dabbobi ta Jihar Sakkwato da sashen aikin gona na ƙananan hukumomin biyu su sa koyar da kamu da riƙo a cikin kowane gangamin rigakafi, su horar da mata a kowace gunduma, domin su ne ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta turo ɗalibanta kasuwannin Tambuwal da Kebbe su nuna abin a aikace. Gidan Rediyon Rima ya ba batun fili a shirinsa na manoma. Limamai su taɓo haƙƙin dabba a huɗuba kafin Salla, lokacin da cinikin kaji ke tashi. Shugabannin 'yan kaji da sarakunan kasuwa su kafa rumfa da ruwa a layin kaji, su hana zube su a rana. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024 ta tuna cewa kiwo bai tsaya kan shanu ba.

Magidanta da matan gida kuwa ba sai sun jira kowa ba. Kafin hunturu ya shigo, a gyara akurki a faɗaɗa ƙofarsa, a saba wa kaji da tsabar yamma, a nemi likitan dabbobi mafi kusa a tambayi rigakafin ɗigon ido tun cikin Oktoba, a kuma hana yara korar kaji da kara da jifa. Wanda ya yi niyyar yanka ko sayarwa gobe, ya kama kazarsa yau da dare.